Ciwon Farfaɗiya da Aikin Hakimi a Kansa

Babu gundumar da ba a samun masu farfaɗiya a cikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen miliyan 50 ke fama da wannan ciwo a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 nasu kuwa suna zaune ne a ƙasashen da ba su da wadata sosai. Bisa lissafin hukumar, a cikin kowane mutum 1,000 akan sami tsakanin 4 da 10 waɗanda ciwon ke tare da su. Malamin hakimi yana iya buga wannan lissafi da kansa. Gundumar da ke da mutum 100,000 ba za a rasa masu farfaɗiya 400 a cikinta ba, wataƙila ma su kai 1,000. Amma in hakimi ya tara dagatansa ya ce su ambaci waɗanda suka sani, kaɗan ne ƙwarai za su iya lissafawa. Sauran suna cikin gidaje, an ɓoye su.

Dalilin ɓoyon ba boyayye ba ne ga wanda ya san zaman ƙauye. Gidan da aka sani da farfaɗiya, masu neman aure sukan ja da baya daga 'yan matansa, har waɗanda lafiyarsu lau. Yaron da ya faɗi sau ɗaya a makaranta akan ce ya zauna gida. Matar da ciwon ya bayyana gare ta bayan aure sau da yawa takarda ce ke biyo baya. Mai gida kuwa ya sayar da akuya, ya sayar da hatsi, wani har ya jinginar da gona, yana yawon neman magani daga wannan gari zuwa wancan, uwar yaron ta bar sana'arta don tsaronsa kada ya faɗa wuta ko rijiya. Watau mutum ɗaya ke faɗuwa, amma gida duka ke talaucewa. Saboda haka al'amarin ya shiga cikin aikin hakimi, kamar yadda fari da annobar dabbobi suka shiga.

Mene ne farfaɗiya?

Ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana aika umarni zuwa ga gaɓoɓi ta cikin jijiyoyi, da wani ɗan ƙarfi irin na lantarki, kowane saƙo a kan ƙa'idarsa. Wani lokaci wani sashe nata yakan rikice ya saki saƙonni da yawa gaba ɗaya, kamar fadar da kowa ya ɗauki magana lokaci guda har ba a jin ta kowa. A wannan lokaci ne mutum ke faɗuwa, jikinsa ya sandare, sa'an nan ya yi ta karkarwa, kumfa ta fito a baki, wani ya ciji harshe, wani fitsari ya kufce masa. Galibi cikin minti 1 ko 2 abin ya lafa, ƙwaƙwalwa ta koma kan aikinta. Tun shekarar 1924 wani likita a Jamus, Hans Berger, ya fara auna wannan lantarki na ƙwaƙwalwar mutum, irin na'urarsa kuwa yanzu akwai ta a manyan asibitocin koyarwa na Nijeriya.

Ba kowace jijjiga ce farfaɗiya ba. Likitoci ba su cika kiran ciwo da wannan suna ba sai mutum ya faɗi sau 2 ko fiye ba tare da wani dalili na nan take ba. Ƙaramin yaro yakan yi jijjiga saboda zafin zazzaɓi, yawancin irin waɗannan yara kuwa sukan girma lafiya, amma tilas a kai shi asibiti a ranar don a duba ko cizon sauro ne ko sanƙarau. Mai ciki ko mai jego da ta kama jijjiga, nata ciwon dabam ne, yana tafe da hawan jini, kuma yana kisa cikin sa'o'i kaɗan. Wannan ba a jiran gari ya waye, a nemi mota nan da nan.

Akwai kuma irin farfaɗiyar da ba a faɗuwa, ita ce aka fi jahilta. Yaro yana cikin karatu sai ya yi zuru na ɗan lokaci, a kira shi bai amsa ba, sa'an nan ya ci gaba kamar ba abin da ya faru. Malami ya ɗauka raini ne ko daƙiƙanci, ya sa bulala. Babba kuma yakan tashi ya yi ta tafiya ba gaira ba dalili, yana tauna baki, yana jan rigarsa, in ya farfaɗo bai san ya yi ba. Wani bayan faɗuwa yakan yini a ruɗe, ko ya yi kwanaki yana ganin abin da babu, yana faɗa da mutane. A nan ne jama'a ke yanke hukunci su ce hauka ne ko iska, a ɗauko mari. Alhali ciwon ɗaya ne, maganinsa ma ɗaya. Har wa yau, baƙin ciki mai tsanani da fargaba sun fi yawa ga masu farfaɗiya bisa ga sauran mutane, waɗannan ma ciwo ne da likita ke dubawa.

Abubuwan da ke jawo shi yawancinsu sanannu ne a ƙasar Hausa. Doguwar naƙuda a gida, wadda jariri ke fitowa a galabaice bai yi kuka da wuri ba, tana barin tabo a ƙwaƙwalwa. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai yana yin haka, sanƙarau ma haka. A annobar sanƙarau ta 1996 kaɗai mutum fiye da 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu, cikin waɗanda suka tsira kuwa akwai waɗanda aka bari da kurumta ko farfaɗiya. Sai buguwar kai a haɗarin babur ba hular kwano, da shanyewar ɓarin jiki ga manya. Wani kuma gado ne, wani ko an bincika ba a gano dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen kashi 25 cikin 100 na masu ciwon da an kiyaye da ba su same shi ba. Ke nan hakimin da ya tsaya a kan awon ciki da haihuwa a asibiti da gidan sauro da rigakafi ya riga ya fara yaƙi da farfaɗiya ko bai ambaci sunanta ba.

Abu guda ya kamata a shelanta a kowace kasuwa da kowane masallaci da coci: ba a ɗaukar farfaɗiya. Ba a ɗaukarta ta miyau ko kumfa ko numfashi, ba a ɗaukarta ta cin abinci a kwano ɗaya. Wannan camfi ya kashe mutane fiye da yadda ake zato, domin shi ke sa mace ta faɗa murhu mutane na tsaye suna kallo, kowa na tsoron taɓa ta, har wuta ta cinye mata hannu.

Idan mutum ya faɗi

A janye shi daga wuta ko ruwa ko hanyar mota, a sa masa tsumma ko riga a ƙarƙashin kai, a sassauta abin da ya matse masa wuya. Kada a danne shi don a tsayar da karkarwar, ba ta tsayuwa da ƙarfi, sai dai a karya shi. Da ta lafa a juya shi ya kwanta a gefe ɗaya, yadda miyau zai zubo waje, a zauna tare da shi har hankalinsa ya komo, a kuma kori 'yan kallo, a suturta shi in tufafinsa sun ɓaci.

Kada a cusa masa cokali ko itace a baki. Mutum ba ya haɗiye harshensa, cokali kuwa yana karya haƙora, yana yaga dasashi. Kada a ɗura masa ruwa ko mai ko jiƙo ko rubutu sa'ad da ba ya cikin hayyacinsa, domin abin huhu zai tafi. Kada a kanga masa hayaƙi, kada a kai ƙafarsa ga wuta wai don ya farka. In karkarwa ta wuce minti 5, ko ta lafa ta sake dawowa bai farfaɗo ba, ko ya ji ciwo, ko a ruwa ya faɗi, to sai asibiti ba tare da jinkiri ba. Wanda ke da waya mai ɗaukar hoto, in akwai wani da ke kula da mai ciwon, ya ɗauki yadda abin ya faru don a nuna wa likita kaɗai, gama likita ba safai yake ganin faɗuwar da idonsa ba, da bayanin waɗanda suka gani yake aiki.

Magani

Akwai magani, kuma ba sabo ba ne. Ƙwayar fenobabiton tun 1912 ake ba masu farfaɗiya ita, fenitoyin ta biyo baya a 1938, daga baya aka sami kabamazefin da balfurowet da waɗansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu ciwon suna iya daina faɗuwa ɗungum in an gane ciwonsu an ba su maganin da ya dace, mafi arahar maganin kuwa yana iya tsayawa wajen dala 5 ga mutum ɗaya a shekara guda. Duk da haka, a ƙasashe matalauta kashi uku cikin huɗu na masu ciwon ba su samunsa. Ga magani mai araha, ga mai ciwo, amma ba su gamu ba.

Sharaɗin maganin shi ne a sha kullum, a kan lokaci, shekara da shekaru. Ba irin allurar zazzaɓi ba ce da ake yi kwana 3 a huta. A nan ne yawancin gidaje ke tuntuɓe. Mai gida ya biya kuɗin mota ya kai ɗansa babban asibiti a birni, aka ba shi ƙwayar wata guda, yaro ya daina faɗuwa, gida ya yi murna. Wata ya ƙare, ƙwaya ta ƙare, asibitin ƙauye ba shi da ita, kuɗin komawa birni ya ninka kuɗin maganin kansa. Sai a bari. Bayan kwanaki ciwo ya dawo da ƙarfi fiye da na da, domin yanke maganin farat ɗaya yana jawo faɗuwa a jere wadda take iya kisa. Daga nan mai gida ya ce ai ya gwada na asibiti bai yi ba, maƙwabta su ji, su ma su ƙi zuwa. Laifin ba na ƙwayar ba ne. Nisa ne da yankewa.

Likita kaɗai ke da ikon rage magani ko tsayar da shi, a hankali, galibi bayan mutum ya shekara 2 ko fiye bai faɗi ba. Macen da ke shekarun haihuwa ta gaya wa likita tun da wuri, domin balfurowet musamman yana iya cutar da ɗan da ke ciki, amma kada ta daina sha da kanta. Kafin watan azumi ma a je a nemi shawara a kan lokutan sha. Ba a hana kowa addu'a ba, malamai da kansu suna horo da neman magani, abin da ake roƙo shi ne kada a ce wa mai ciwo ya ajiye ƙwaya.

Mari da turu

Gidan da ya rasa inda zai kai mai ciwon ƙwaƙwalwa, ƙarshensa yakan ɗaure shi. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa cikin Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa, a watan Oktoba kuma aka sami irin wannan a Daura da Katsina. Da yawa daga cikinsu danginsu ne suka kai su da hannunsu. Ba a wanke masu irin waɗannan gidaje ba, amma ya kamata hakimi ya lura cewa uban da ya kai ɗansa can galibi ya gaji ne, bai ga wata ƙofa a buɗe ba.

Doka ta sake. Tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, wadda asalinta ya koma 1916, tsare mutum ta fi kula da shi bisa ga warkar da shi. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta tabbatar wa mai ciwo haƙƙin neman magani da kariya daga wulaƙanci da azabtarwa. Hakimin da ya ji labarin wani a ɗaure cikin gundumarsa, kada ya fara da barazana. Ya kira mai gidan a keɓe, ya ji damuwarsa, ya haɗa shi da ma'aikacin lafiya, a fara magani, a kwance mari. In aka kwance ba magani, da baƙi sun juya baya za a mayar.

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa cikin Kaduna, da Ƙware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano. Suna aiki, amma likitocin wannan fanni a Nijeriya duka 'yan ɗaruruwa ne, jama'a kuwa sun haura miliyan 200. Ba zai yiwu kowane mai farfaɗiya ya dogara da su wata-wata ba. Tun 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya nuna wata hanya a Aro kusa da Abekuta. Ya shawarci shugabannin ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, suka yarda masu ciwon ƙwaƙwalwa su kama ɗaki a gidajen mutane, kowane tare da ɗan'uwansa mai jinya, su je asibiti da rana su komo gida da yamma. Duniya ta yaba da wannan tsari, shi kansa Lambo daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Da shugabannin ƙauyukan sun ƙi, da ba a yi ba. A 2008 hukumar ta fito da shirin koya wa ƙananan ma'aikatan lafiya gane farfaɗiya da sauran cututtukan ƙwaƙwalwa da ba da maganinsu a asibitin unguwa, a 2022 kuma ƙasashen duniya suka amince da shirin shekara 10 a kan farfaɗiya, zuwa 2031.

Aikin hakimi da malaminsa

Sarautar gargajiya ta taɓa yin irin wannan aiki. A shekarun 1950, zamanin En'e, sa'ad da ƙwayar dafson ta iso Arewa, an buɗe wuraren shan maganin kuturta a ƙauyuka, kowane mako masu ciwo su zo su sha, malami ya rubuta a littafi, wanda bai zo ba a aika a nemo shi. A 2009 kuma aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya matakin farko, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka bi gida-gida a kan rigakafin shan inna, har a watan Agusta na 2020 aka tabbatar da cewa ƙwayar cutar ta daji ta ƙare a Afirka. Farfaɗiya ba ta bukatar abin da ya fi wannan: a san masu ita, magani ya zo kusa da su, kada ya yanke.

Farkon aiki ƙidaya ce, domin hukuma ba ta ware kuɗi ga abin da ba ta da adadinsa. Hakimi ya umarci dagatai, su kuma masu unguwanni, su bincika a hankali tare da ungozomomi da limamai da malaman makaranta, waɗanda su ne suka san cikin gidaje. Amma a nan akwai haɗari, kuma malamin hakimi ne zai tsare shi. Takardar da ke ɗauke da sunayen masu farfaɗiya, in ta faɗa hannun da bai kamata ba, tana iya kashe auren yarinya ko ta kori yaro daga makaranta. Saboda haka kada a karanta suna a zaure, kada a rubuta sunan kowa sai da yardarsa ko ta iyayensa. Littafin sunaye ya zauna a hannun mai kula da asibitin mazaɓa. Abin da zai zo ofishin hakimi adadi ne kawai: maza nawa, mata nawa, yara nawa, nawa ke shan magani, nawa suka bar makaranta, nawa suka ƙone ko suka nutse a bana. Dagacin da ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙasata babu ko ɗaya," ba a tsawata masa, sai a nuna masa lissafin da ke farkon wannan takarda, a ce ya sake dubawa.

Da adadi ya samu sai a rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma da jami'in kiwon lafiya matakin farko, a aika da kwafe ga majalisar masarauta. Takardar ta zama gajera, ta roƙi abin da za a iya bayarwa. Roƙon a gina asibitin ƙwaƙwalwa a gunduma roƙo ne da zai kwana cikin fayil. Abin da ya fi shi ne a nemi a horar da ma'aikaci ɗaya ko biyu na asibitin mazaɓa a kan farfaɗiya, a riƙa ajiye maganinta a can ba yankewa, a sa rana guda a wata wadda masu ciwo za su zo karɓa, in ta dace da ranar kasuwa ya fi, don a rage kuɗin mota kuma kada zuwan mutum ya zama abin nuni. A nemi kuma hanyar tura waɗanda ciwonsu ya gagara zuwa babban asibiti da takarda. Malami ya tuna cewa dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kiwon lafiya matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, kuma jihohi suna da shirin taimakekeniyar lafiya da ke rajistar marasa galihu. Gidajen da farfaɗiya ta talauta suna cikin waɗanda ya kamata kwamitin ci gaban mazaɓa ya fara gabatarwa.

Sauran aikin na baki ne. Hakimi ya ga shugaban makaranta a kan yaron da aka kora, a mayar da shi, a koya wa malamai da ɗalibai yadda za su yi in ya faɗi. Ya ja hankalin masu gidaje su ɗaga bakin rijiya su sa murfi, a kange murhu, mai ciwo kada ya je rafi ko ya hau itace shi kaɗai, kada ya tuƙa babur ko mota sai likita ya yarda. Noma da ɗinki da kasuwanci da karatu duk yana iya yi, aure ma haka, yawancin mata masu farfaɗiya suna haifar 'ya'ya lafiyayyu in ana duba su.

Malamin hakimi ya ajiye kwafen kowace takarda da ranar da aka aika ta. In wata guda ya wuce ba amsa, ya rubuta ta tuni, ya ambaci lamba da ranar ta farko. Ƙarshen kowane wata kuma ya aika a tambayi mai kula da asibitin mazaɓa ƙwaya nawa ta rage a ma'aji da mutum nawa ba su zo karɓa ba, don hakimi ya sami labari tun maganin bai ƙare ba.